Abin da Na Gani a Idon Muntaka

Ƴan'uwa masu bin wannan shafi, ina gaishe ku. Waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambayar jikin Muntaka, na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana tara ban rubuta komai ba. Ba rashin caji ba ne, ko da yake wutar kuran ma sai ta ga dama take zuwa tun da aka rufe iyaka. Nauyin baki ne, don abin da zan faɗa yau bai yi mini kyau ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habsatu. A Matamai aka haife ni, shekarata ashirin da biyu. Muntaka shi ne wanda aka yi mana baiko bara kafin azumi. An sa biki bayan kaka, sai damina ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fitar da kai, abin da Baba ya kawo daga gona ko rabin rumbu bai kai ba. Aka ɗaga biki. Muntaka ya tafi ci-rani Kano kamar kowace shekara, amma tun da sojoji suka karɓi mulki hanyar iyaka ta Ɗan Barto take a rufe, sai ta daji ake bi. A wannan hanyar ya faɗi, yana dawowa da buhun masara biyu a bayan babur. Kansa ya bugi kututture. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ya yi kwana talatin da huɗu kwance a wani gidan likita a Damagaram. Idonsa a buɗe, yana haɗiyar kunu in an ba shi da cokali, amma ba ya magana, ba ya ɗaga ko yatsa.

A gidanmu ba wanda ya fito ya ce mini in haƙura da shi. Akwatin ne ya fara tafiya. Akwatin kayan baiko nake nufi, shuɗi mai ƙafa, da turmi uku a ciki, da mayafi ruwan zuma, da takalmin da ya yi mini yawa. Shekara guda yana ƙarƙashin gadon Inna. Bayan hatsarin da sati biyu na same shi a gefen gado. Da aka ƙara sati ya koma bayan ƙofa.

Inna ta ce, "Wannan abu yana tare mini wuri."

Ina tsince shinkafa a faranti. A raina na ce, shekara guda bai tare wuri ba sai yanzu. A baki kuwa na ce, "To, Inna."

Haka nake. Maganata duk a ciki take ƙarewa.

Ranar Asabar da hantsi na karɓo wayata daga shagon mai pano na hasken rana inda muke kai caji, na tarar da vokal, saƙon murya, daga Rabi. Rabi ƴar kawuna ce, tana aure a Damagaram, ita ke kai wa mahaifiyar Muntaka abinci a gidan likitan. Na shiga bayan rumbu na kara a kunne.

"Amaryar jira, kina ina? Saurara da kyau. Wata likita ta zo daga Yamai da wani tabarau. Ba na gayu ba ne irin na mijina. Wai in an sa wa mutumin da ba ya magana, yana nuna ko yana ciki ko ya tafi. Jiya an sa wa wani tsoho ɗan Kurni, aka ce ya dubi dama in yana jin ƙishi, wallahi ya duba. Matarsa ta zauna a ƙasa tana kuka. Litinin za a sa wa naki. Sun ce a zo da ƴan'uwa. Ki san yadda za ki yi ki zo, kada ki tsaya kina kallon ƙasa kamar wadda ta yar da allura."

Na saurara sau huɗu. Akuyarmu tana gefena tana cin kwali, don ko karan dawa babu bana.

Ashe baffan Muntaka, Ɗan'azumi, ya riga ya kira Baba. Mahaifin Muntaka ya daɗe da rasuwa, Ɗan'azumi ne ke tsaye a kan gidan. Bayan la'asar Baba ya shigo ya zauna a kan buzunsa, ya yi magana da Inna da ƙarfi yadda zan ji daga madafa.

"Litinin zan je. In na'urar nan ta nuna yaron yana nan, sai mu jira ikon Allah. In ba ta nuna ba, akwati ya koma gidansu. Ba wanda zai ce ni Illa na yi gaggawa."

Inna ta ce, "To ku tafi da ita, Malam. Ta gani da idonta, ta daina jiƙa mini matashin kai."

Da haka na samu tafiya. Ba don tausayi ba, don in gani in saki.

Kafin in kai ku Damagaram, bari in gaya muku wani abu game da ni da Muntaka, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. Shekara uku yana zuwa zance ƙofar gidanmu, ban taɓa kallon fuskarsa ido da ido ba. Na san takalminsa na roba mai igiya ɗaya da aka ɗinke da zare. Na san tabon salansar babur a ƙwaurinsa na dama. Fuskarsa kuwa sai a hoto, in na shige ɗaki. Yakan ce, "Malama, me ya faɗi ne? In taya ki nema?" Ko kuma, "Ranar biki in aka kawo miki wani ƙato daban, ba za ki gane ba, sai dai in kin ga ƙafarsa." In rufe baki da hijabi ina dariya, shi ke nan.

Amma shi mai tsokanar, a gaban Baba ya fi ni. Tun da aka kai goron tambaya bai ƙara yarda sun haɗa hanya ba. In ya hango Baba daga nesa, zai juya babur ya bi lungun mahauta, ko da zai zagaye rabin gari. In kuwa ba mafita, zai sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa har Baba ya ɓace. Wata rana a kasuwar Juma'a ya bar rake da ya saya a hannun mai rake ya gudu, don ya ji muryar Baba a rumfar kusa. Mutane suna yaba masa. Baba da kansa yakan ce, "Yaron nan an yi masa tarbiyya."

Litinin da sassafe na sa atamfata mai ganyen kuka, wadda ya ce tana yi mini kyau, na ɗora hijabi ruwan toka har ƙasa. Ban sa kwalli ba, kada Inna ta yi magana. A mota Baba yana gaba, ni ina can baya tsakanin wata tsohuwa da buhun barkono. Sau uku ana tsayar da mu a shinge, sojoji suna leƙowa suna duba katin shaida. Gonaki a gefen gudron, titin kwalta, fayau, kamar an share.

Ɗakin da Muntaka yake gado shida ne. Nasa yana kusa da taga. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Ya rame. An aske masa kai, ga ɗinki daga saman kunne zuwa ƙeya. Mahaifiyarsa, Gwaggo Shekara muke ce mata, tana zaune a tabarma a gindin bango. Wata guda tana kwana a barandar gidan likitan, ƙafafunta sun kumbura. Na durƙusa daga inda nake na gaishe ta.

Ta ce, "Kin zo, ƴata. Ga shi nan yadda kika ji."

Rabi ta matso ta raɗa mini, "Wannan hijabin na zaman makoki ne ko na ganin miji?"

Na kau da kai.

Likitar ta shigo wajen ƙarfe goma. Doguwa ce, ba ta fi Rabi shekaru da yawa ba, Hausarta kaɗan ce. Majo, babban mai jinyar ɗakin, shi ke mayar mana da maganarta. Ta buɗe wata baƙar jaka ta fito da tabarau mai kaurin baki, da waya siririya a jikinsa. A cikin bakin, ta wajen ido, akwai wasu ƴan ƙananan abubuwa kamar ƙwayar gero. Majo ya ce su ne ke kallon ƙwayar idon majinyaci. A tsakiyar goshi kuma akwai wani da ke ɗaukar abin da yake gabansa. Ta ajiye ordinatar, wato kwamfuta, a kan ƙaramin tebur kusa da ƙofa, dab da inda nake tsaye.

Majo ya ce, "Ku saurara, iyayena. Ido ba ya tafiya shi kaɗai, ƙwaƙwalwa ce ke jan sa. In muka ga ya bi mutum daga dama zuwa hagu, ya sake bi, ya sake, mun san akwai mai ja. Wanda ya bi, za a riƙe shi a nan a koya masa amsa i ko a'a da ido, daga nan a ci gaba. Likita za ta koma Yamai ranar Alhamis da azahar, da na'urarta."

Aka sa masa. Sai ga ɗakin ya fito a fuskar ordinatar, yadda Muntaka yake ganinsa daga kan gado: silin, fanka da ba ta juyawa, ƙarshen bargonsa mai ratsin kore. Da wani ɗan jan zobe yana yawo a kai. Majo ya ce duk inda zoben yake, nan idonsa yake.

Ta fara da biro. Ta kai dama, ta kai hagu. Zoben ya bi kaɗan ya saki, ya koma kan fanka. Ta gwada da madubi, haka. Ta yi magana da Faransanci, majo ya juyo.

"Ta ce biro ba kowa ba ne a wurinsa. Tana son mutum wanda ya sani sosai, wanda zuciyarsa take wurinsa. Ya tsaya a ƙarshen gado ya kira sunansa, sannan ya taka a hankali zuwa dama, ya dawo hagu."

Likitar ta nuna Gwaggo Shekara. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ni? Ɗan fari ne fa. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, sai yau a gaban mutane? A'a, ku nemi wani."

Majo ya ce, "Iya, magani ne."

"Na ji. Bakina ba zai iya ba."

Rabi ta mintsine ni a cinya. "Ke ake nufi. Shiga."

Na take mata ƙafa. Ku gaya mini, ta yaya zan ratsa gaban Baba, in tsaya a kan gadon saurayi, in kira sunansa? Ni da ko a waya ban taɓa kiran sunan ba, sai dai in ce "kai".

Ɗan'azumi ya gyara hula ya dubi Baba. "Ga babba a wuri, wa zai shiga gaba? Malam Illa, bismilla."

Likitar ta tambaya da ƴar Hausarta, "Babansa ne?"

Ɗan'azumi ya ce, "Uba ne."

Bai yi ƙarya ba, a wurinmu uba ne. Ita kuma ta rubuta abin da ta ji.

Baba ya je ya tsaya a ƙarshen gado. Na gan shi a ordinatar, farar hularsa da rigarsa ruwan ƙasa. Zoben yana can kan fanka. Baba ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Muntaka."

Ƴan'uwa, da idona na gani. Zoben ya tsaya cak. Ya sauko daga silin, ya zo kan ƙirjin Baba, bai kai fuska ba. Ya yi kamar numfashi ɗaya a nan. Sai ya faɗi ƙasa, kan bargo, ya lafe.

Baba ya taka dama. Zoben yana kan bargo. Ya dawo hagu. Yana kan bargo, ko motsi. Likitar ta ce a sake. Baba ya yi shiru, aka jira, zoben ya fara ɗagowa a hankali. Baba ya ce, "Muntaka," sai ya koma ƙasa da sauri, wuri ɗaya da na farko, kan ratsin kore. Sau uku ana yi, sau uku yana komawa nan.

Na san wannan sunkuyawar. Na sha ganinta ta kafar zaure, a ƙofar gidanmu. Mutumin da ya tafi ba ya jin kunyar surukinsa. Muntaka yana nan, ya ji muryar, ya gane mai ita, ya yi abin da ya saba da abu ɗaya da ya rage masa mai motsi.

Likitar ta girgiza kai kaɗan, ta juya wa ordinatar baya tana nuna wa majo wata takarda. Baba ya bar gaban gado ya nufi kujera. Yana matsawa, zoben ya tashi. Bai koma kan fanka ba. Ya bi bango, ya wuce Ɗan'azumi, ya wuce Rabi da ta sunkuya tana yi wa Gwaggo magana, ya zo bakin ƙofa. A bakin ƙofa akwai wata mai hijabi ruwan toka. Sai da na ɗan jima kafin na gane ni ce. Zoben ya hau kan fuskata ya zauna.

Ban taɓa ganin yana kallona ba sai ranar, shi ma a cikin na'ura.

Da na ɗaga kai na dube shi, da na ce "ku duba", da ko tari na yi, likitar za ta waiwayo. Taku biyu ne tsakanina da ita. Amma Baba ya kai kujera yana juyowa, fuskarsa tana zuwa wajen ƙofa. Ban yi shawara ba, ƙafata ce ta yi. Na ja baya na shige bayan ƙyaure.

Da na leƙo, zoben yana nan a bakin ƙofar da ba kowa. Ya daɗe a wurin. Sannan ya koma silin.

Majo ya ce, "Likita ta ce yau bai bi ba. Ido ya faɗi ƙasa ya tsaya, hakan yana faruwa. Ba ta ce babu ba, ta ce ba ta gani ba."

Ɗan'azumi ya ce, "To, mun ji. Alhamis zan zo da mota mu kai shi gida. Uwarsa ta gaji, awaki suna mutuwa a gida ba mai duba su. In kwanciya ce, ya kwanta a ɗakinsa."

Likitar tana naɗe waya ta ce, "Akwai tambaya?" Har ni ta duba, ta yi mini ɗan murmushi. Na dubi ƙasa.

Wannan shi ne abin da na kasa rubutawa kwana tara. Wata a cikinku ta taɓa rubuto mini cewa kunyata ado ce. Ki zo ki ga adon.

A hanyar dawowa ban yi kuka ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa Baba bai gani ba, ai shi yana gaban gado, ba ya ganin ordinatar. In na gaya masa zai kira Ɗan'azumi, a sake gwadawa. Baba mutum ne mai gaskiya, duk unguwa shi ake kira rabon gado da sasanta rigimar iyakar gona.

Talata da la'asar na kai masa ruwan alwala. Na ajiye buta, ban tashi ba. Na durƙusa ina murza bakin hijabi har ya wanke hannu ya kurkure baki.

"Akwai magana ne?"

"Baba, jiya. A wurin likita." Muryata kamar ta wata. "Ba rashin ji ba ne. Kai ne ya gani. Shi ya sa ya sunkuyar."

Ya wanke fuska sau uku, bai yi sauri ba. Ya shafe ruwan gemunsa.

"Na sani."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Tun sallamar farko na gani. Ni da nake tsaye a kansa, ina buƙatar na'ura? Yaron kirki ne. Ko a kwance bai yar da tarbiyyarsa ba."

"To, Baba, me ya sa..."

"Me ya sa ban faɗa ba." Ya ajiye butar. "In na faɗa, sai a ce yana nan. In aka ce yana nan, ba ni da bakin mayar da akwati, duk Matamai za ta ce Illa ya yar da mai rai. Sai ki zauna. Shekara biyu, biyar, goma. In an ɗaura, ki tare a ɗakin da za ki riƙa juya shi a tabarma kina wanke masa jiki, a gidan da ba mai noma, a shekarar da masu ƙafa ma ba su ƙoshi ba. Ya san mu, na yarda. Sanin zai riƙe fartanya?"

"An ce ana koya musu magana da ido."

"Da ido za ki ci tuwo?"

Ya sassauta murya, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

"Habsatu, ni na haife ki, ba ni na haife shi ba. Alhakin nan na ɗauka, ni zan amsa shi gaban Allah, ba ke ba. Ke ma ai kina wurin, kin gani, ba ki ce komai ba. Ki bar shi a haka. Kuma daga yau ba inda za ki sai da sanina."

Ya ci gaba da alwala. Na ɗauki kaina na koma madafa. Abin da ya tsaya mini a wuya ba faɗansa ba ne, don bai yi faɗa ba. Wannan kalmar ce, "ke ma". Da ni ya yi shirun. Ya san ƴar da ya haifa, ya san ko gobara ce ba zan buɗe baki a gabansa ba, da wannan ya dogara.

Laraba da safe Inna ta jawo akwatin tsakar gida, ta goge shi da tsumma, ta ɗaure da igiya. Ta ce gobe in sun iso da Muntaka, bayan kwana biyu a kai musu, kada abin ya zo a rana ɗaya. Har ta tambaye ni ko akwai wani abu nasa a wurina. Na ce babu. Akwai vokal ɗari da wani abu a wayata, ba su shiga akwati.

Na rubuta wa Rabi: "Turo mini lambar majo."

Ta amso nan take: "Me za ki yi da ita? Ke da ko mai gyaɗa ba ki iya tsayarwa."

"Turo dai."

Na koma bayan rumbu. Na danna na fara magana, na goge. Na sake, na goge. Sau biyar. A na shida na rufe ido na faɗi duka a numfashi ɗaya: cewa wanda ya tsaya ba mahaifinsa ba ne, surukinsa ne, uban wadda zai aura. Cewa a duba abin da na'urar ta ɗauka bayan tsohon ya matsa, in tana ajiyewa. Cewa ni ce mai hijabin bakin ƙofa. Na tura kafin hannuna ya hana ni.

Har azahar shiru. Na daka gero, na tankaɗe, wayar tana cikin zanena. Ana kiran la'asar ta yi motsi.

Majo ne, muryarsa ƙasa-ƙasa, ana jin hayaniyar ɗaki a bayansa. "Malama Habsatu, ni ma Bahaushe ne, da an ce mini suruki ne da ban bari ya tsaya ba. Na gaya wa likita. Ta buɗe ta duba, ta ga abin da kika ce. Amma ta ce sau ɗaya ba shaida ba ce, ido yana iya faɗawa kan ƙofa haka kawai. Sai ya bi mutum, sau uku, tana kallo. Ta ce ki zo da kanki gobe kafin ƙarfe goma. Za ki tsaya a gabansa, ki kira sunansa, kuma ki dube shi, don in kin sunkuyar da kai fuskar ba ta fitowa. Baffansa ya ce motarsa za ta iso sha ɗaya. In an fitar da shi, ba ni da ikon dawo da shi."

Na tura wa Rabi. Wannan karon ba ta yi tsokana ba. Ta rubuto: "Direban da ke kawo mana kayan miya zai tashi daga tashar Matamai bakwai daidai. Na gaya masa. Ba zai jira ba."

Alhamis na yi sallar asuba, na share tsakar gida, na ɗora ruwan kunu kamar kullum. Na zagaye akwatin da tsintsiya. Inna tana ɗaki tana lazimi. Bakwai saura kwata na shiga na sa atamfar nan, na ɗauki katin shaidata na soke a zane. Na tsaya gaban ɗan madubin Inna, na gwada faɗin sunan a hankali, in ji yadda zai fito. Ya fito a karye. Na sake.

Gidanmu ƙofa ɗaya ce, ta zaure. Kullum bayan asuba Baba yakan tafi majalisar bakin masallaci, ba ya dawowa sai rana ta ɗaga. Ranar bai je ba. Yana zaune a kan buzu a tsakiyar zauren, ƙafafunsa a miƙe sun tare hanya, rediyo a gefensa ana karanta sanarwar sojoji.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Ya dubi hijabina, ya dubi takalmin da ke ƙafata.

"Ina zuwa?"

Ina kallon yatsun ƙafarsa. Na ji amsar da na saba tana hawowa, "ba ko'ina, Baba", har ta iso bakina. Daga tasha na ji ana buga hon.

Na ɗago kai na dube shi. Ban san gemunsa ya yi fari haka ba.

"Damagaram," na ce. "Wurin Muntaka."

Baba bai janye ƙafarsa ba. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon.